Bununi Da Iskar Hunturu: Darasi Ga Malaman Makaranta

A shekarar da na yi gwajin koyarwa a wata makaranta a bayan garin Jos, akwai wani yaro a aji huɗu wanda atishawa ta hana shi sakat. Daga watan Oktoba, da hantsi ya yi sai ya fara, idanunsa su yi ja, hanci na zuba kamar famfo. Ni kuwa na ɗauka shaƙiyanci ne, don na ga da sassafe lafiyarsa lau. Ran nan na hore shi da yankan ciyawa a bayan aji. Bai yi rabin sa'a ba sai numfashinsa ya fara sarƙewa, har sai da muka kai shi asibiti. Likita ya ce bununin ciyawa ne jikinsa ba ya so. Na ji kunya ƙwarai, shi ya sa na rubuta wannan darasi, don kada waninku ya yi irin kuskurena.

Mene ne bununi?

Duk ɗan manomi ya san bununi, watau garin nan mai laushi da ke zubowa daga kan gero ko tutar masara. Shi ne ƙwayar namiji ta tsiro, in bai kai ga macen fure ba, ba a samun tsaba. Tsirrai kashi biyu ne wajen aika shi. Masu fure mai kyau da ƙanshi, kamar mangwaro, ƙudan zuma da sauran ƙwari ke yi musu dako, bununinsu kuwa mai nauyi ne mai danƙo, ba ya nisa. Amma ciyayi irin su gamba da kyasuwa, da masara, da waɗansu itatuwa, iska suka dogara da ita, saboda haka su kan zubar da shi da yawan gaske, busasshe, marar nauyi. Waɗannan su ne masu laifi, ko da ya ke mutane sun fi zargin mangwaro don shi su ke gani da fure cikin hunturu.

Wani likita a Mancesta ta ƙasar Ingila, Charles Blackley, shi ya tabbatar a 1873 cewa bununi ke kawo wannan irin mura. A jikinsa ya yi gwaji. Har ma ya kan shafa abu mai danƙo a jikin gilashi, ya ɗaura wa abin wasan nan na takarda da yara ke sakar wa zare ya tashi sama, sai ya tarar da bununi can sama nesa da ƙasa.

Yadda yanayi ke sarrafa shi

Na farko, bushewa. Bununi yana cikin 'yar jaka ne, jakar kuwa ba ta tsagewa sai ta bushe. Shi ya sa masara ba ta zubar da nata da asuba, sai raɓa ta kau, rana ta ɗaga. Ashe wannan ne dalilin da yarona ke lafiya da safe, ya rikice da hantsi.

Na biyu, iska. Ran da ba iska, bununi kusa da uwarsa ya ke faɗuwa. Ran da ta taso, sai ta kwashe shi ta kai mil da yawa.

Na uku, ruwan sama. Yayyafi mai daɗewa ya kan wanke sararin sama, mai atishawa ya huta. Amma hadari mai guguwa da tsawa wani abu ne dabam, don danshi ya kan fasa ƙwayoyin su zama ƙanana, su shige can cikin huhu. Ran 21 ga Nuwamba, 2016, irin wannan hadari ya auka wa birnin Malbon na Ostireliya lokacin furen ciyawa, dubban mutane suka cika asibitoci da ciwon fuka, mutum 10 suka rasu.

Na huɗu, yanayin watannin baya. In damina ta yi albarka, ciyawa ta yi kauri, lalle bununi zai yi yawa da kaka.

Misali daga ƙasashen waje

A jihar Teksas ta Amurka akwai wani itace da su ke kira sida, wanda ba ya cikin itatuwan dajinmu. Shi a tsakiyar sanyi ya ke fure, daga Disamba zuwa Fabrairu, kuma namijin itacen dabam, macen dabam. In iska mai sanyi ta wuce, gari ya bushe, sai mazan su saki bununi gaba ɗaya, har mai kallo daga nesa ya zaci hayaƙi ne. An sha kama shi a Tulsa ta jihar Oklahoma, ɗaruruwan mil daga inda ya taso. A Japan kuma, bayan Yaƙin Duniya na Biyu an shuka wani irin sida mai suna sugi a duwatsu don katako. Da itatuwan suka girma sai bununinsu ya zama wahalar miliyoyin mutane daga Fabrairu zuwa Afrilu. Masanan can sun lura in bazara ta yi zafi, bununin shekara mai zuwa ya kan yi yawa, don haka a kan faɗi labarinsa tare da labarin yanayi.

Mu dawo gida

To, mu a nan Jos muna bisa tudu mai tsawon wajen ƙafa 4,000, fili ne na ciyawa, ba itatuwa da yawa da za su tare iska. Damina na ɗaukewa cikin Oktoba, daidai lokacin da ciyayi ke fure. Ba a daɗe ba sai hunturu ya sauko daga arewa maso gabas, ɗauke da ƙurar da mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi ta ke tasowa. Ga kuma hayaƙin ƙunar daji. Watau hancin da bununi ya riga ya tsokana da kaka, shi ne ƙura da sanyi za su tarar. Ba sida gare mu ba, amma sharuɗɗan nan duka, bushewa da iska da sanyi, muna da su.

Aikin da za ku yi da yara

Ku shimfiɗa baƙin ƙyalle ƙarƙashin tutar masara, ku girgiza ta da ƙarfe 6 na safe, da ƙarfe 10, da kuma bayan ruwa, yara su gwada yawan garin da ya zuba. Sa'an nan ku shafa basilin a jikin gilashi, ku ɗora bisa sanda a fili kwana ɗaya, ku duba da madubi mai ƙara girman abu. Kowace rana a rubuta a allo: akwai raɓa? Ina iska ta fito? Yara nawa ke atishawa? Bayan wata guda su da kansu za su ga yadda abubuwan ke tafiya tare.

Abin da ya wajaba ga malami

Ku bambanta mura da wannan. Mura a kan ɗauka daga wani, ta kan zo da ciwon jiki, ta wuce cikin mako ɗaya ko biyu. Wannan kuwa ba a ɗaukarsa, ido da hanci ke ƙaiƙayi, kuma ya kan dawo kowace shekara a lokaci guda. In kun sami irin wannan yaro, kada ku sa shi yankan ciyawa ko shara. A yayyafa ruwa kafin a share aji. Ran da iska ta yi ƙarfi a rufe tagogin da ke fuskantarta, yaron kuma ya wanke fuska bayan hutu. In kuwa kun ji ƙirjinsa na kuka, kada a jira, a sanar da iyayensa, a kai shi ga likita.

Yaron nan dai ya warke, ya gama makaranta lafiya. Ni ma tun daga ran nan ba na shiga aji sai na dubi sama tukuna. Allah ya sa mu amfana.