Darasi na 6: Bandar kifi da nama a gida

Manufa: kowace mamba ta iya yin bandar da za ta daɗe ba ta lalace ba, ta kuma san ribarta kafin ta ci bashin asusu.

Lokaci: awa 1

'Yan uwa mata, da yawanku kun ga bidiyon wata na'urar banda a waya, irin wadda ake amfani da ita a Amurka. Ana zuba mata 'yan ƙananan curin dusar katako da aka matse, wani ƙarfe mai juyawa yana tura su cikin wuta kaɗan-kaɗan, fanka na hura iska, ita kuma tana riƙe zafin da aka saita mata. Tana da tsada, kuma ba ta aiki sai da lantarki. To, kada wata ta ɗauki kuɗin ƙungiya ta ce sai ita. Abu biyu kawai take yi: zafi daidai, hayaƙi mai tsabta. Mu ma za mu iya da duro ko murhun laka.

Ba sabon abu ba ne. A Ghana, tun 1969 aka ɓullo da murhun Chorkor tare da mata masu sana'ar kifi a gefen Accra. Ginin laka ne, ana jera faifan raga a kansa hawa-hawa, kifi da yawa, itace kaɗan.

Matakai

1. Ki sayi kifi mai rai ko sabon kamu. Banda ba ta gyara wanda ya fara wari.
2. Ki cire kayan ciki. Tarwaɗa a wanke ta da gishiri ko toka har yauƙin ya fita. Nama a yanka shi sirara, a rage kitse.
3. Ki jiƙa a ruwan gishiri kamar rabin awa, sannan ki jera a raga ya tsane.
4. Ki bari harshen wuta ya mutu, garwashi ya kama, kafin ki ɗora. Ki riƙa ƙara dusar katako ko totuwar masara kaɗan-kaɗan.
5. Fara da zafi kaɗan, ki ƙara har cikinsa ya dahu, sai ki rage ya bushe a hankali. Ki riƙa juyawa, ragar ƙasa ta koma sama.

Gaggawa ce ke cinye jari. In wuta ta yi yawa, bayan kifin ya ƙone, cikinsa da ruwa. A ido ya yi kyau fa, amma bayan 'yan kwanaki sai fumfuna da tsutsa. Ki karya guda ɗaya ki duba tsakiya kafin ki sauke.

Abubuwan kiyayewa

Hayaƙi siriri ake so. Baƙin hayaƙi da kitsen da ke ɗiga cikin wuta suna barin sinadaran da ke iya jawo ciwon daji. Ki sa faranti ya tare kitsen. Ban da leda, roba, taya da katako mai fenti. Kada a yi banda a cikin ɗaki, yara kuma su yi nesa.

Kada ki taɓa fesa fiya-fiya ko wani maganin ƙwari a kan kifi. Guba ce, kuma mutane ne za su ci. In ya huce sarai, ki ajiye inda iska ke ratsawa. In ya yi laushi, ki mayar da shi kan wuta.

Lissafi

Kifi na rasa fiye da rabin nauyinsa a banda. Ki auna shi ɗanye, ki sake aunawa bayan ya bushe. Ki haɗa kuɗin kifi, itace, gishiri, mota da wahalarki, ki raba da nauyin busasshen. Ƙasa da wannan farashi, asara ce.

Tattaunawa

Wacece kifinta ya taɓa lalacewa? A wane mataki aka samu matsala?

Aikin gida

Ku haɗu uku-uku ku gwada da kilo 2. Ku zo da kifin da lissafinku zama mai zuwa. Sai mun gani tare za a yi maganar bashi.