Hutun Sanyi a Dutsen Uludag: Shirin da Za Ka Yi Kafin Ka Taka Dusar Ƙanƙara

Daga Disamba zuwa Maris, 'yan kasuwarmu masu zuwa sarin kaya Istanbul da ɗalibanmu da ke karatu a Turkiyya sukan ware kwana biyu ko uku su haura dutsen Uludag don ganin dusar ƙanƙara da idonsu. Wasu su dawo da hotuna da labari mai daɗi. Wasu kuwa su dawo da mura da targaɗe, aljihu wayam. Dutsen ɗaya ne, shirin da kowa ya yi ne ya bambanta.

Uludag yana tsaye ne a kan birnin Bursa. Tsayin ƙololuwarsa mita 2,543, shi ne dutse mafi tsawo a yankin Marmara, kuma tun 1961 gwamnati ta keɓe shi a matsayin gandun ƙasa. Otal-otal da filayen wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara suna can sama, wajen mita 1,800 zuwa abin da ya fi haka. Ka riƙe wannan lissafi: duk mita dubu da ka hau, zafin iska yakan ragu da kusan digiri shida da rabi. Idan garin Bursa yana digiri biyar, to a bakin otal-otal ɗin an faɗa ƙasa da sifili, ga iska mai ratsa ƙashi. Wanda iyakar saninsa da sanyi shi ne hunturun Jos ko Funtuwa, kada ya ɗauka ya san abin da zai tarar.

Zaɓen lokaci da hanya

Janairu da Fabrairu ne ƙanƙara ta fi tabbata. Amma ka kauce wa Asabar da Lahadi, domin mutanen Istanbul kan yi dafifi su cika wurin. Haka ma hutun tsakiyar zangon karatu na makarantun Turkiyya, mako biyu daga wajen ƙarshen Janairu, lokacin da farashin ɗaki ke tashi kuma layi ke tsawo a ko'ina. Litinin zuwa Alhamis ta fi sauƙi ga aljihu da haƙuri.

Daga Istanbul akwai jirgin ruwa da ke tsallaka tekun Marmara zuwa Mudanya cikin kusan awa biyu, daga nan mota ta kai ka Bursa. Akwai kuma bas da ke bi ta gadar Osmangazi wadda aka buɗe a 2016. Daga Bursa zuwa sama hanya biyu ce: titi mai kwana-kwana na sama da kilomita talatin, wanda a lokacin ƙanƙara sai an ɗaura wa tayoyin mota sarƙa, ko kuma teleferik, wato ƙananan akwatunan da ke rataye a igiyar ƙarfe suna ɗaukar mutane. Teleferik ɗin yana tashi daga unguwar Teferruc, tsawonsa kusan kilomita tara, yana tsayawa a Sarialan kafin ya isa yankin otal-otal. Idan ba ka taɓa tuƙi a kan ƙanƙara ba, kada ka fara koyo a wannan titi.

Akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗowa daga kudu maso yamma, Turkawa na ce mata lodos. Idan ta taso akan dakatar da teleferik, a soke tafiyar jiragen ruwa. Don haka kada ka sa hawan dutse a jajibirin ranar da jirginka zai tashi zuwa gida. Bar rarar kwana ɗaya aƙalla.

Masauki

Kwana a kan dutsen yana da tsada. Mai son ganin ƙanƙara kawai, gara ya kama ɗaki a Bursa, ya hau da safe ya sauko da yamma. Wanda ya ƙuduri koyon zamiya na kwanaki, kwana a sama ya fi masa, ya huta da layin teleferik. Ko ina ka sauka, da shigarka ɗaki ka nemi matakalar gudun gobara, ka taka ta da ƙafarka, ka nuna wa iyalinka. A Janairun 2025 gobara ta tashi da dare a wani otal na masu wasan zamiya a Kartalkaya, lardin Bolu, mutum 78 suka rasu. Minti biyar na dubawa bai yi yawa ba.

Sutura

Kuskuren da baƙi suka fi yi shi ne jibga riga ɗaya mai kauri a kan singiletin auduga. Auduga tana shan gumi ta riƙe, ta koma sanyi a jikinka da zarar ka tsaya. Sutura hawa uku ake yi: ta ciki mai kama jiki, ta ulu ko ta roba irin ta 'yan wasa, ta tsakiya suwaita mai riƙe ɗumi, ta waje jaket da wando waɗanda ruwa da iska ba sa ratsawa. Ƙara safar hannu mai hana ruwa, hula mai rufe kunne, da safar ƙafa mai kauri guda ɗaya. Ninka safa biyu yana matse ƙafa ya hana jini zagayawa, sanyin ya ƙaru. Wandon jins da takalmi mai santsin ƙasa a bar su a otal. Ba dole ka sayi kayan waje ba, ana ba da hayarsu, amma ka ji farashi a fili kafin ka saka.

Ke uwargida, kayan zamiya masu yalwa ne, suna rufe jiki ruf. Abin lura shi ne mayafi: dogon gyale mai lilo yana iya sarƙewa a kujerar da ke jan mutane zuwa sama. Sa ƙaramin hijabi mai kama kai, ki cusa bakinsa cikin jaket, hular kwano ta hau bisa.

Dusar ƙanƙara tana mayar da mafi yawan hasken rana cikin ido, har takan ƙona shi ya yi ta ruwa da raɗaɗi da dare. Tabarau mai duhu wajibi ne, ko da hadari ya rufe sama. Leɓe da fuska a shafa musu man kaɗe ko basilin, a riƙa shan ruwa ko ba a jin ƙishi.

Lafiya kafin nishaɗi

Ga abin da ya fi shafar mu. Mai cutar sikila, sanyi da ƙarancin iskar shaƙa a kan tudu da bushewar jiki duk suna tayar masa da ciwo, kuma ga su nan a haɗe wuri guda. Kada a hau da shi sai da iznin likitansa. Mai asma, mai ciwon zuciya da mai juna biyu su ma su nemi shawara tun daga gida. Yara sun fi manya saurin ɗaukar sanyi, a riƙa shigar da su ɗaki suna shan abu mai ɗumi. Idan yatsu suka dushe suka daina ji, a koma ciki a ɗumama su da ruwa mai ɗumi-ɗumi. Ba a murza su, ba a kara su a wuta. Sannan ka tabbata inshorar tafiyarka ta ambaci wasan zamiya, domin da yawa ba sa biyan raunin da aka ji a nan.

Ranar farko a fili

Kada ka bi abokin da ya ce zai koya maka a minti goma. Ɗauki malami na awa ɗaya ko biyu. Zai nuna maka yadda ake haɗa bakin allunan zamiya a gaba don rage gudu, yadda ake faɗuwa ta gefe, da yadda ake tashi. Gwiwa ce ta fi jin jiki a wannan wasa, kuma yawanci da yamma ake raunata ta, bayan ƙafafu sun gaji. Hanyoyin suna da launi: kore da shuɗi na masu koyo, ja na waɗanda suka ɗan iya, baƙi na ƙwararru. Tsaya a naka, sannu ba ta hana zuwa. Wanda ke gabanka shi ke da hanya, kuma ba a tsayawa ɗaukar hoto a tsakiyar gangare. Idan hazo ya sauko, kada ka wuce sandunan da ke nuna iyaka.

Azahar da La'asar za su same ka a fili, cire takalmin zamiya kuwa aiki ne. Yi alwala kafin ka shirya, ka tsane jikinka sosai, kuma tun kafin tafiya ka tambayi malaminka na addini hukuncin ƙasaru da haɗa salla ga matafiyi.

Kwanan da ka rage, ka ba Bursa. Ita ce ta zama babban birnin Daular Usmaniyya bayan Sarki Orhan ya ci ta a 1326. Yi salla a Ulu Jami mai ƙubba ashirin, wanda Sarki Bayezid na Ɗaya ya gina a ƙarshen ƙarni na 14, ka zaga kasuwar siliki ta Koza Han, ka ci Iskender kebab a garin da aka ƙirƙire shi, sannan ka gasa gaɓoɓinka a ruwan zafi na unguwar Cekirge. In lodos ta hana ka hawa, wannan kwanan sai ya zama na farko, dutsen ya jira gobe.