Amsoshin Tambayoyinku: Keken da Ke Karkatar da Ɗinki

Wani tela daga Kwadaso, a birnin Kumasi, ya aiko yana tambaya, me ya sa kekensa na ɗinka barguna masu auduga a ciki yake karkatar da layi yana tsinka zare, alhali kan keken lafiya lau yake.

To, Malam, Allah ya ba ka haƙuri, mai yiwuwa illar ba a kan keken take ba, a mazauninsa take. Domin idan daɓen shago ya kasance ba daidai ba, ƙafa ɗaya ta teburin keken ta yi sama ɗaya ta yi ƙasa, to, teburin zai murɗe sannu a hankali, bel kuma ya saki. Hatta a Amurka, inda ake da manyan kekunan bargo masu tafiya bisa dogayen ƙarafa, sharaɗin farko shi ne a daidaita ƙarafan kafin a taɓa zare.

Saboda haka ka ari ma'aunin ruwa na magina, ka aza bisa teburin ta tsawo da ta faɗi, ka sa katako ƙarƙashin ƙafar da ta gaza, sa'an nan ka ɗaure notuna duka. Auduga tana barin ƙura mai yawa, sai ka riƙa share ƙarƙashin allura kullum, ka ɗiga man keke na asali, ba man gyaɗa ba, wanda yake daskarewa. Kuma tun da damina a yankinku na Asante sau biyu take zuwa a shekara, ka rufe keken da dare saboda tsatsa.