Abin Da Fitsari Ke Faɗa a Kan Ɗan Wasa

Tun da aka fara shirin intahaus na bana, wata gardama ta ƙi ƙarewa a ɗakunan kwana da bakin famfo: wai idan ɗan wasa ya sha ƙwaya kafin ya shiga fili, ta yaya ake ganewa? Wasu sun ce idonsa likita yake kallo. Wasu sun rantse cewa in ka ɗirki ruwa da yawa, ko ka bi ta da jiƙon tsamiya, ka wanke ta ke nan. Mu 'yan ƙungiyar 'yan jarida muka ga gara mu bi maganar har gindinta, muka kuwa tarar yawancin amsar tana cikin darussan kimiyyar da muke hamma a kansu.

Bari mu fara da wata sa'armu. A watan Yulin 2014, a gasar ƙasashe renon Ingila da aka yi a birnin Glasgow, wata 'yar Najeriya mai suna Chika Amalaha ta ci lambar zinare a ɗaga nauyi, ajin masu kilo 53. Shekarunta 16, wato tsarar 'yan ajinmu na SS2. Bayan 'yan kwanaki aka karɓe zinaren aka bai wa Dika Toua ta ƙasar Papua New Guinea, saboda an samu magunguna biyu a fitsarinta, amiloride da hydrochlorothiazide. Abin da zai ba ku mamaki, waɗannan ba su ƙara ƙarfi. Su ne haɗin da ke cikin Moduretic, maganin hawan jinin nan da dattawa da yawa ke ajiyewa a gida. Aikinsu su sa mutum yawan fitsari. An hana su ne don suna rage nauyin jiki da sauri kafin a hau sikeli, kuma suna tsinka fitsari ta yadda wata ƙwayar za ta iya ɓuya. To masu maganar wanke ƙwaya ku ji: abin wankin ma nemansa ake yi.

Aikin yana farawa ne tun a filin wasa. Da zarar an sanar da ɗan wasa an zaɓe shi, jami'i zai riƙa bin sa duk inda ya sa ƙafa har ya ba da fitsarin, kuma a gaban idon jami'i jinsinsa zai yi. Da kunya kam, amma an sha kama masu zuwa da fitsarin wani a ɓoye. Ana bukatar aƙalla mililita 90. Ɗan wasan da hannunsa zai raba shi kwalba biyu, A da B, ya rufe su da murfin da ba ya buɗuwa sai an fasa shi. Jami'in zai auna kaurin ɗan abin da ya rage, in ya tarar ya yi tsararo kamar ruwa, sai ɗan wasa ya zauna ya jira ya sake ba da wani. A takarda kuma zai rubuta duk maganin da ya sha a kwana bakwai da suka wuce. Babu suna a jikin kwalaben, lamba ce kawai, saboda haka mai aunawa bai san ko na wane ne ba. Hukumar WADA, wadda aka kafa a 1999 don yaƙi da wannan maguɗi, ɗakunan gwaje-gwaje kimanin 30 kawai ta amince da su a faɗin duniya. Babu ko ɗaya a Najeriya, don haka fitsarin 'yan wasanmu jirgi yake hawa.

A can ɗakin gwaji, kwalbar B firiza ake sa ta a rufe, A ake buɗewa. Matsalar farko ita ce ƙwayar ba ta fitowa yadda ta shiga. Hanta tana sarrafa ta, sau da yawa ta liƙa mata wata jela mai kama da sukari don ƙoda ta ji daɗin fitar da ita. Sai masana su zuba wani enzayim da zai guntule jelar, su kawo wani ruwan sinadari da ba ya haɗuwa da ruwa, kamar yadda man gyaɗa ke tasowa a kan miya, su girgiza. Abin da ake nema sai ya bar fitsarin ya koma cikin wannan ruwan, gishiri da sauran tarkace su zauna a ƙasa.

Duk da haka abin da aka tsamo cakuɗe ne na ɗaruruwan sinadarai, dole a rarrabe su. A nan ne darasin SS1 ya dawo mana. Kun tuna ranar da aka ɗiga baƙar tawada a takardar tace aka tsoma bakinta a ruwa, baƙin ya rabu zuwa shuɗi da ja da ɗorawa? Kuromatogirafi ke nan, kuma shi ɗin dai ake yi a can, sai dai da injin miliyoyi. Maimakon takarda, akwai wani siririn bututu da raminsa bai fi kaurin zaren ɗinki ba, tsawonsa yakan kai mita 15 zuwa 30, an naɗe shi cikin wani tanda. Ana mai da samfurin tururi, iskar hiliyom ta tura shi ciki. Tsere ne sosai. Sinadarin da ba ya son jikin bututun ya riga kowa fita, mai maƙalewa ya biyo baya, kuma kowanne yana da mintinsa na fitowa da ba ya saɓawa muddin ba a canza zafi da ƙarfin iskar ba. Magungunan da ba su jure zafi kuwa, irin masu sa fitsarin nan, ruwa ake sa wa ya tura su cikin wani gajeren bututun.

Lokacin fitowa kaɗai bai isa a kashe wa mutum sana'a ba, don abubuwa biyu na iya isowa tare. Shi ya sa a bakin bututun aka haɗa inji na biyu, ma'aunin nauyin sinadarai. Duk abin da ya fito sai injin ya farfasa shi ya auna nauyin gutsattsarin. Tulu in ya faɗi yadda ya ga dama yake fashewa, amma sinadari ba haka ba ne. Inda mahaɗinsa ke da rauni nan yake karyewa kullum, saboda haka gutsattsarinsa tamkar zanen yatsa ne. Za a zuba ainihin maganin da aka sani a injin a gwada. In minti ya zo ɗaya, nauyin gutsattsarin ya zo ɗaya, yawan kowanne ma ya daidaita, to an kama. Waɗannan injina biyu a haɗe su ne za ku ga an rubuta GC-MS ko LC-MS. Irin wannan aikin ne ya kama Ben Johnson na Kanada da stanozolol a 1988, kwana kaɗan bayan ya gama mita 100 a daƙiƙa 9.79.

Wane ƙanƙantar abu suke iya gani? Ana magana ne a kan nanogiram a mililita. Mun zauna mun yi lissafi: nanogiram ɗaya a mililita daidai yake da a narkar da gishiri giram ɗaya, abin da bai kai rabin ƙaramin cokali ba, a cikin jarkokin 'yan garuwa 40,000 masu lita 25. Wasu magungunan ma ana ganinsu ƙasa da haka.

Yanzu ga inda muka fi jin daɗin binciken. Duk abin da muka faɗa yana aiki ne a kan baƙon abu, wanda jiki ba ya yin sa. To yaya za a yi da testostiron, sinadarin da ke gina tsoka, wanda jikin kowa ke yi, maza da yawa mata kaɗan? Na allura da na jiki siffarsu ɗaya, mintinsu ɗaya, gutsattsarinsu ɗaya. Wani Bajamushe mai suna Manfred Donike, na birnin Kolon, ya kawo dabara a farkon shekarun 1980. Jiki yana fitar da wani ɗan uwan testostiron da ba ya aikin komai, ana ce masa efitestostiron, kuma a yawancin mutane yawansu kusan ɗaya ne a fitsari. Wanda ya yi allura, ɗayan zai haura ya bar ɗan uwansa. A yau in ya zarce ninki huɗu sai a sa alamar tambaya. Amma alamar tambaya ce kawai, don akwai waɗanda haka Allah Ya yi su.

Hukuncin yana wurin kabon. A cikin kowane kabon 100 na duniya, kusan ɗaya ya ɗan fi saura nauyi, shi ne kabon-13. Tsirrai ba su ɗaukarsa daidai wa daida lokacin da suke haɗa abincinsu daga iska. Gero da dawa da masara da rake suna ɗaukarsa fiye da shinkafa da alkama da wake da gyaɗa. Jikinmu kuwa daga abin da muka ci yake gina komai, har da testostiron. Shi kuma na kamfani yawanci daga waken soya ko wata doyar daji ake haɗa shi, masu ƙarancin kabon-13. Sai masana su ware testostiron ɗin fitsarin da ɓurɓushinsa, su ƙone su su zama iska, su auna kabon mai nauyin da ke ciki. Ku duba fa: yaron da ya tashi da tuwon dawa da fura da kunu a Kiyawa ko Jahun ko Birnin Kudu, jikinsa cike yake da kabon ɗin gero da dawa. Ranar da ya yi allurar da ta fito daga waken soya, bambancin zai fi fitowa fili a kansa fiye da na Baturen da ya tashi da burodi da dankali. Abincinmu da kansa ne zai ba da shaida. Mutanen Haɗeja masu tuwon shinkafa kada gabansu ya faɗi, ba da fitsarin wani ake gwada naka ba. Da wani sinadarin jikinka ake gwadawa, wanda allurar ba ta taɓa shi, a cikin kwalba guda. In na jiki ne, su biyun za su yi kama. Wannan gwajin ne ya raba Floyd Landis na Amurka da kambunsa na tseren keken Faransa na 2006.

Akwai kuma EPO, mai ƙara jajayen ƙwayoyin jini, wanda ƙoda ke yi. Shi ya yi girma ga waɗancan bututai, sai a sa shi a wani abu mai kama da kamu a ja shi da lantarki, na kamfani ya tsaya a wani layi daban da na jiki. A gasar Olamfik ta 2000 aka fara wannan gwajin. EPO na cikin abubuwan da aka samu a jikin Blessing Okagbare a 2021, tare da sinadarin girma da aka gano a jininta, aka dakatar da ita shekara 10, daga baya aka mai da 11.

In kwalbar A ta nuna wani abu, ɗan wasa yana da haƙƙin a fasa B a gabansa ko gaban wakilinsa a sake aunawa. Ta Chika ma an buɗe, ta nuna abin da ta farko ta nuna. Wanda ya tsira kuma kada ya yi saurin murna, domin ana iya ajiye fitsari a firiza har shekara 10 ana jiran injina su ƙara kaifi. Mariam Usman ta Najeriya ta zo ta biyar a ɗaga nauyi a gasar Olamfik ta Bejin a 2008, ta dawo gida hannu rabbana. A 2016 aka sake auna tsofaffin kwalabe, aka kama biyu daga cikin waɗanda ke gabanta, tagulla ta zama tata. Mun yi mata murna, amma mun ji zafi, don tsayawa a dandamali duniya na kallo ba a biyan bashinsa.

Wani zai ce ina ruwanmu, wa zai kawo inji Dutse don intahaus? Gaskiya ne, ba wanda zai kawo. Amma a cikinmu akwai masu mafarkin buga wa Jigawa Golden Stars, akwai masu son zuwa gasar wasanni ta ƙasa, kuma duk mun san abin da ake haɗiya a bayan fili kafin a busa usur, a ƙwallo da dambe da kokawa. Tun ranar 1 ga Janairun 2024 WADA ta sa tiramadol, wanda muke ce wa tiramol, cikin abin da aka hana a lokacin gasa. Kama shi ba ya bukatar dabarar kabon, baƙo ne a jiki, shi da ɓurɓushin da hanta ke yi da shi suna fitowa ƙarara a inji. Ko ɗan tsinken gwajin nan mai kama da na maleriya, da ake tsomawa a fitsari, akwai mai nuna shi, kodayake tsinke yakan yi kuskure, shi ya sa ba a yanke wa ɗan wasa hukunci da shi. Dokar kuma ba ta karɓar "ban sani ba" a matsayin wanke kai. Abin da aka samu a jikinka naka ne, ko koci ne ya ba ka, ko mai kemis, ko a cikin wani haɗin kwalba da ba a rubuta abin da ke ciki ba. Iyakaci a duba uzurinka a rage maka tsawon dakatarwa, lambar dai ta tafi. Mai ciwon da dole sai da haramtaccen magani, akwai takardar izini da likitansa zai cike tun kafin gasa.

Ranar Alhamis bayan la'asar za mu maimaita gwajin tawada a ɗakin gwaje-gwaje, malamin kimiyya ya yi alkawarin ba mu takardar tace. Mai zuwa ya taho da baƙar maka irin wadda ruwa ke wankewa, tawadar biro ba ta tafiya a ruwa.