Yadda ake zuwa Daura daga Kano a kan keke

Direban mota yakan gama tafiyar Kano zuwa Daura cikin awa biyu da 'yan mintuna, kuma in an tambayi fasinjansa abin da ya gani a hanya, da ƙyar ya ambaci wani abu ban da shingen jami'an tsaro da masu tallar rake. Mai keke kwana uku yake ba wannan tazara ta kilomita 130 ko kusa da haka. A cikin kwanakin zai ratsa masarautu uku da jihohi uku, ya kwana a Dambatta da Kazaure, ya sha fura a ƙauyukan da mota ba ta tsayawa. Tafiya ce da duk mai lafiya zai iya, muddin ya yi mata shiri.

Shirin yana farawa ne daga zaɓen lokaci. Daga Maris zuwa Mayu zafin bazara yakan haura digiri 40, kwalta ta yi ta tururi, babu mai hankalin da zai ɗora wa kansa wannan wahala. Da damina kuwa hanyoyin burji da na ƙauye sukan cika da taɓo. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga kaka zuwa tsakiyar hunturu, wato Nuwamba zuwa Janairu: an girbe gero da dawa, gonaki sun buɗe, ido yana kaiwa nesa, rana kuma ba ta da kaifi. Sai dai akwai abin da sabon matafiyi ba ya lura da shi. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take kaɗowa, Daura kuma arewa take da Kano, saboda haka mai tafiya zai yi ta fama da iska a ƙirji, musamman da hantsi in ta yi ƙarfi. Dalili ke nan da ya sa ake sammako, a ci rabin tafiyar kafin ta taso. A komowa, ita iskar ce za ta riƙa tura shi.

Sai keken kansa. Ba dole ne ya zama mai tsada ko mai giya barkatai ba, domin yawancin hanyar shimfiɗe take. Tsofaffin kekunan Raleigh da Phoenix, waɗanda manoma ke ɗora wa buhun hatsi ranar kasuwa, sun isa; shi Raleigh ma har masana'anta ya taɓa yi a Kano. Abin da ake buƙata shi ne a kai shi wurin mai gyara mako guda kafin tafiya, a ɗaure birki, a sa wa sarƙa mai, a cika boris da giris, a miƙe gargare in ya karkace, a sauya duk tayar da ta suɗe. A daidaita sirdi yadda ƙafa za ta kusa miƙewa in feda ta sauka ƙasa, domin sirdin da ya yi ƙasa shi ke kashe gwiwa tun ranar farko. Daga nan a yi kwana uku ko huɗu ana gwaji, kilomita ashirin kowace safiya, jiki ya saba.

Kaya kaɗan ake ɗauka, kuma a kariya ake ɗaure su da roba, ba a goya su a baya. Famfo, tib biyu, kayan faci, sifana, fitila, hular kwano, rawani ko takunkumi saboda ƙura, man shafawa saboda faso, rigar sanyi, katin shaida. Ruwa aƙalla lita uku, da ƙullin gishiri da sukari na haɗawa in gumi ya yi yawa. Dabino da ƙuli-ƙuli da aya ba sa lalacewa a jaka. Babban abokin gabar taya a wannan ƙasa shi ne tsidau, wanda ke shimfiɗe a gefen hanya ba a ganinsa sai an ji iska tana fita. Wanda bai iya faci da hannunsa ba ya zauna wurin mai faci ya koya kafin ya bar gida: a ciro tib, a hura, a tsoma a ruwa a ga inda kumfa ke fita, a goge wurin, a shafa gam a bari ya sha iska, a manna, sannan a shafa cikin taya da yatsa a zare ƙayar. Wannan mataki na ƙarshe shi aka fi mantawa, sai sabon faci ya sake hujewa kafin a yi nisa.

Yana da kyau a keɓe yini guda ga birnin Kano kafin a kama hanya, domin nan keke ya fi mota amfani nesa ba kusa ba. Lungunan cikin birni ba a yi su don mota ba. Ana farawa da Dutsen Dala da sassafe, a bar keke a ƙasa wurin wanda aka amince da shi, a hau matakala. Daga sama ana hango Goron Dutse da hasumiyoyin babban masallaci da rufin unguwanni har iya ganin ido. A nan ne maƙera suka zauna tun wajen ƙarni na 7, nan ne kuma labarin Barbushe da Tsumburbura ya samo asali. Daga Dala sai a gangara Kasuwar Kurmi, a turo keken da hannu saboda cunkoso, a wuce Gidan Rumfa da Gidan Makama, waɗanda duka suke komawa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499. Gidan Makama yanzu gidan tarihi ne, kuma awa guda a cikinsa tana sa sauran tafiyar ta yi ma'ana. A karofin Ƙofar Mata, wanda ake danganta kafuwarsa da 1498, har yau akwai marina da ke haɗa baba da toka a rami, hannuwansu shuɗi har gwiwar hannu.

Abin da zai sosa ran matafiyi shi ne ganuwa. Sarki Gijimasu ne ya fara gina ta a ƙarshen ƙarni na 11 zuwa farkon na 12, sarakunan baya suka faɗaɗa, ta tsaya har zuwan Turawa a 1903. Mai keke da ya bi gefenta daga Ƙofar Na'isa zuwa Ƙofar Kabuga zai ga inda ta rage tudun jar ƙasa, da inda aka haƙe ta aka yi bulo, da inda shaguna suka haye kanta. Wannan asara ce babba, kuma ba ruwan sama kaɗai ya jawo ta ba.

Washegari bayan sallar asuba ake fita ta titin Katsina. Wannan yanki, daga cikin gari zuwa Dawanau, shi ne mafi hatsari a duk tafiyar, saboda tireloli da ke shiga da fita babbar kasuwar hatsi, ga 'yan adaidaita sahu da ke tsayawa ba sigina. A riƙe gefen dama sosai, a bi sahu ɗaya in ana da yawa, kada a jera kafaɗa da kafaɗa. A Dawanau hanyar Daura ta rabu da ta Katsina. Daga nan gari ya fara sakin mutum: kukoki, gawo, rumbuna, karan dawa da aka jingine, 'yan mata ɗauke da ƙwaryar nono.

Mai dabara yakan daidaita tafiyarsa ta yadda zai isa Dambatta ranar Asabar da yamma, domin Lahadi kasuwar ke ci, kuma karar shanunta sananniya ce a duk Arewa. Washegari ba a yin gaggawa. A zaga kasuwa da safe, sannan a kama gajeriyar hanyar Kazaure, wadda ba ta kai rabin ta jiya ba. A nan ƙasa ta fara sauyawa, duwatsu suka ɓullo, aka shiga jihar Jigawa, ƙafa kuma za ta san an yi hawa. Garuruwan biyu tarihinsu ɗaya ne: Ɗan Tunku, wanda ya kafa masarautar Kazaure a zamanin jihadi, a Dambatta ya fara zama, ɗansa Dambo ne ya mayar da fada Kazaure. Bakin dam ɗin Kazaure wuri ne mai kyau na hutawa da la'asar.

Game da kwana, garuruwan nan suna da masaukan baƙi na kuɗi. In dare ya kusa riskar mutum a ƙauye, al'ada ita ce ya nemi gidan mai gari ko dagaci, ya yi sallama, ya faɗi daga inda yake da inda za shi. Haka ma ɗaukar hoto: a nemi izini, musamman a ƙofar fada da kasuwa da wurin mata. Ba a tafiyar dare ko kaɗan, kuma kowace safiya a tambayi direbobin tasha halin da hanya ke ciki kafin a hau keke, domin su ne ke da labari mafi sabo. A wurare da dama za a ga aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka tsara ya bi ta Dambatta da Kazaure da Daura. Manyan motocin aiki suna tayar da ƙura, a ba su hanya.

Rana ta uku ita ce ta Daura. Wanda ya yi sammako daga Kazaure zai shiga garin kafin azahar. Rijiyar Kusugu tana cikin gari, an kewaye ta da gini, akwai masu kula da ita da ke ba da labarin Bayajidda da macijin da ke hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, da auren Daurama, da asalin Hausa Bakwai. Har yanzu akwai ruwa a cikinta, baƙi sukan ja guga su sha. Fadar sarki ba ta da nisa daga nan. Tarihin sarautar garin ma abin tambaya ne: bayan jihadi sarakunan Haɓe sun koma Zango da Ɓaure, sai a 1906 aka dawo da zuriyarsu kan gadon Daura. Wanda tafiyarsa ta dace da watan Rabi'ul Awwal zai tarar da Sallar Gani, da hawan dawaki da kaɗe-kaɗen fada.

Wanda ƙafarsa ta gaji ba sai ya komo a kan keke ba. A tashar Daura ana cire tayar gaba, a ɗaure keken a but ko a saman mota, a biya kuɗin kaya, a iso Kano kafin magariba.