Tsakanin Safari da Safara: Shirin Ziyarar Gandun Dajin Yankari

Kalmar safari, wadda Turawa ke kiran yawon kallon namun daji da ita, aro ce daga harshen Suwahili, shi kuma ya samo ta daga kalmar Larabci safar, wato tafiya. Daga tushen nan Hausa ta sami safara, ma'ana fatauci. Ni da ban tsotsi Hausa a nono ba, abin da ya ja hankalina shi ne yadda 'yan'uwan nan biyu suka raba hanya. Mai safari kuɗi yake biya don ya ga giwa da ranta, mai safarar hauren giwa kuwa sai ta mutu yake cin riba.

Ga mu ɗaliban ƙasar Katagum, inda ya fi dacewa mu ga giwa shi ne Yankari, a ƙaramar hukumar Alkaleri. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga baƙi a 1962, ya zama na gwamnatin tarayya a 1991, sannan ya dawo hannun Jihar Bauchi a 2006. Daga Azare sai a bi ta Misau da Darazo zuwa Bauchi, a hau hanyar Gombe, a karkata a Dindima har ƙofar Mainamaji. Tafiya ce mai nisa, don haka a yi shirin kwana a masaukin Wikki, a kuma tambayi kuɗin shiga tun daga gida.

Lokaci shi ne babban abu. Da damina ciyawa kan yi tsawo, ruwa ko'ina, dabbobi su watse cikin daji. Da rani kuwa ƙishirwa ke tara su a bakin kogin Gaji, musamman da sassafe da la'asar. A nan ɗalibin harshe zai ga sunayen da ya haddace a ƙamus suna tafiya da ƙafafunsu: ɓauna, gwanki, kanki, gwambaza, mazo, gadu da dorina. A tafi da littafin rubutu, a tambayi ɗan jagora sunan da mutanen yankin ke kiran kowace dabba, domin ba lallai ya zo ɗaya da na Azare ba.

Cikin daji ba a sauka daga mota sai da izinin ɗan jagora, ba a ihu, ba a matsa wa direba ya kusanci giwa mai ɗa don ɗaukar hoto. Kada a jefa wa gwaggon biri abinci. Sabon da baƙi suka yi musu ne ya sa suke fizgar jaka a Wikki. Leda da robar ruwa a dawo da su mota.

A hanyar dawowa, in an tare ku da naman daji ko fata ko haure, kada ku taya, ko da wasa. Tayin nan ne ke mayar da mafarauci dajin gobe.