Biredi Mai Cikin Balangu Da Cuku: Abin Da Za Ki Yi Da Wanda Ba Za Ki Yi Ba

Abincinmu na yau asalinsa na Amurkawa ne: ɗan curin biredi mai laushi da ake tayarwa da bekin fauda maimakon yis, a cusa masa gasasshen naman sa da cuku, a gasa, a riƙa tsomawa a romo ana ci. Su biskit suke ce masa, amma ba ruwansa da busasshen biskit na shago. Tsoma biredi mai nama a romon gashi kuwa a birnin Los Angeles ya yi suna tun farkon ƙarni na 20, inda gidajen abinci biyu, Philippe's da Cole's, suka daɗe suna jayayya kan wanda ya fara.

Mu nan Kanya Babba babu abin da za mu nema a ƙetare. Balangu na kan tukuba kowace yamma, cuku na shigowa daga Nijar, nono da man shanu kuwa Fulani na kawowa har ƙofar gida. Abin da ake sakaci da shi ƙa'ida ce. Wannan abinci rufaffe ne, mai ci ba ya ganin cikinsa sai ya gatsa, don haka duk abin da kika cusa amana ce a wuyanki. Ga dokokin, ki bi su yadda suke.

NAMA

1. Ki sayi nama a hannun mahaucin da kika sani. Yankinmu ba ya fatarar dabba, ga kasuwar Babura kusa da mu, ga ta Maigatari da ke ci ranar Alhamis, wadda ke cikin manyan kasuwannin dabbobi na ƙasar nan. Babu dalilin karɓar naman da ba ki san inda aka yanka shi ba. Ki nemi yankan ranar, tsokar cinya ko ta gadon baya, ja, ba wari, ba yauƙi.

2. Kada ki karɓi balangun jiya da aka ɗumama aka lulluɓe da yaji. Yaji na ɓoye wari, amma ba ya kashe cuta. In saye za ki yi, a gasa a gaban wanda kika aika, kuma a ce wa mai nama kada ya zuba mai ko yaji.

3. In ke za ki gasa, ki shafe rabin kilo na tsoka da gishiri, tafarnuwa, citta da masoro, ki rufe ki bar shi awa ɗaya a wuri mai sanyi. Ki ɗora a garwashin da ya daina hayaƙi, kina juyawa har ruwan da ke fita ya daina ja. Ki sauke a kwano, ki bar shi minti 10 kafin ki sa wuƙa. Ruwan da ya tsatso a kwanon kada ki zubar, na romo ne.

4. Kada ki kuskura ki jefa farasitamol a nama wai don ya yi laushi. Hukumar NAFDAC ta yi gargaɗi a kan haka, domin yana illa ga hanta da ƙoda. Kaifin wuƙa ke tausasa gasasshen nama: ki yanka shi sirara-sirara, a gicciye da zaren tsokar, sannan ki datsa ƙanana.

5. Ki cire kitse da jijiya tas. Kitsen sa na daskarewa da zarar ya huce, ya liƙe wa mai ci a ganɗa. Jijiya kuma in aka gatsa ta, ita za ta jawo dukan abin da ke ciki waje.

CUKU

6. Ki san irin cukun da ke hannunki, don kowanne da yadda ake bi da shi. Wanda Buzaye da Fulani ke yi a yankunan Tawa, Abalak da Dakoro fallaye ne sirara da aka shanya suka bushe, kuma ba ya narkewa a wuta. Ki daka shi sama-sama a turmi, ki jiƙa a tafasasshiyar madara mai ɗumi minti 15, ki tsane. Awarar madara, wadda ake daskararwa da ruwan tumfafiya, ki tafasa ta a ruwan gishiri, ki matse, ki marmasa. In mai narkewa yana zarewa kike so, wannan na kanti ne, sai an sayo a Kano, kuma in firijinki ba ya samun wuta kada ki saye shi sai ranar aiki.

7. Kada ki cusa awarar waken suya ki ce cuku ne. Awara abinci ce mai kyau, tana kuma da sauƙin kuɗi. In ita kika sa, ki faɗa da bakinki, ki rage farashi. Ɓoyewa algus ne, kuma kin san hukuncin algus a addini.

8. Kada ki sha ko ki jiƙa komai da madarar da ba a tafasa ba. Cutar bakkale da ke sa shanu ɓari, da tarin fuka na shanu, duk suna iya bin ɗanyar madara su kama mutum. Cukun da ya yi funfuna ko ya canza wari kuma ki zubar, kada ki kankare ki yi amfani da sauran.

9. Ki ɗanɗana cuku da nama kafin ki ƙara gishiri a haɗin. Abin da aka rufe aka gasa ba a gyara masa ɗanɗano.

KWAƁI

10. Ki yi awo, ki bar ƙiyasin ido. Fulawa kofi 3, bekin fauda babban cokali 1, bekin soda rabin ƙaramin cokali, gishiri ƙaramin cokali 1, man shanu ko bota giram 120, kindirmo mai sanyi kofi 1. Wannan zai ba ki curi 10 zuwa 12, ya ci nama kamar giram 350 da cuku giram 150. Ki tankaɗe fulawar tare da sauran busassun kayan.

11. Kada ki maye gurbin bekin fauda da kanwa. Za ta sauya launin kwaɓin, ta ba shi ɗanɗanon sabulu, kuma ba zai tashi yadda ake so ba.

12. Ki tabbatar man a daskare yake, domin nan ne sirrin abin duka. Ki murtsuke shi cikin fulawa da kan yatsu har ya zama gutsi-gutsi, ki tsaya kafin ya ɓace. Waɗannan gutsattsarin su ne ke narkewa a wuta, ruwan da ke cikinsu ya zama tururi, ya ɗaga kwaɓin ya yi falle-falle. Shi ya sa soyayyen man shanu bai dace ba, tunda suya ta ƙone ruwansa. Ki ajiye shi don shafawa a kai bayan gashi. Ɗanyen man shanu ki wanke shi da ruwan sanyi har tsaminsa ya fita. Da hunturu aikin ba wuya. Daga Maris zuwa Mayu kuwa, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ki kwaɓa da asuba, ki ɗora kwanon a kan ƙanƙara.

13. Kada ki murza shi kamar kwaɓin gurasa. Masu gurasar Jakara a Kano danƙo suke nema, ke kuma danƙo ne abin gudunki. Da kin zuba nono ki juya har ya haɗe, ki ninka sau 5 ko 6, ki cire hannu. In kika wuce haka zai fito da tauri, ba kuma wani gyara.

14. Kada ki bar kwaɓi yana jiran wuta. Bekin soda na fara aiki ne tun lokacin da ya haɗu da tsamin nono, kuma ƙarfinsa ba ya daɗewa. Ki hura wuta, ki shirya haɗin nama, nono shi ne na ƙarshen shiga.

CUSAWA

15. Ki bar haɗin ya bushe, ya kuma huce. Ki soya albasa ɗaya da ɗan attaruhu har ruwansu ya ƙone, ki zuba nama, ki juya, ki sauke. Sai ya yi sanyi za ki haɗa da cuku. Haɗi mai zafi na narkar da man kwaɓi tun kafin gashi, mai ruwa kuma na bar miki ɗanyen ƙullu a tsakiya.

16. Kada ki cika cusawa don burge mai ci. Babban cokali ɗaya da rabi ya ishi kowane curi. Ki bar faɗin yatsa a gefe, ki tattaro bakin ki matse sosai, ki kifa wajen matsin a ƙasa, ki ɗan huda saman da tsinke don tururi ya sami hanya.

17. Ki wanke hannu da sabulu bayan taɓa ɗanyen nama, kafin ki taɓa kwaɓi ko cuku. Wuƙa da katakon da suka yanka ɗanye kada su yanka gasasshe sai an wanke su da ruwan zafi da sabulu.

GASHI

18. Ki sa shi a wuta mai ƙarfi tun farko. Mai oben ta kai shi digiri 200 zuwa 220, ta gasa minti 15 zuwa 20. Mara shi ta zuba tsaftataccen yashi a babbar tukunya, kaurin yatsu uku, ta rufe ta bar shi ya yi zafi na minti 20, ta ɗora faranti a kan ƙananan duwatsu uku, ta jera curin, ta rufe, ta zuba garwashi a kan murfin domin sama ya gasu. In tanderu gare ki, kada ki liƙa shi a bango kamar gurasa. Ya yi nauyi, ga maiƙo, faɗuwa zai yi. A faranti za ki sa.

19. Kada ki hura gawayi da leda ko kananzir. Fulawa da mai na ɗaukar wari nan take, hayaƙin leda kuma guba ne. Kada kuma ki buɗe murfi a minti 10 na farko. Gaggawa aikin shaiɗan ce, kowace buɗewa zafi take zubarwa.

20. Ki fasa guda ɗaya ki duba cikinsa kafin ki sauke sauran. Jan baya ba shaidar nuna ba ne. Sai kin ga tsakiya na tururi, ba sauran danƙon ƙullu a kewayen nama.

ROMO

21. Ki dafa romo na gaskiya. Ki soya albasa manya biyu har su yi ruwan ƙasa. In kin sami ja irin ta Galmi ta fi ƙamshi. Ki zuba ƙashin sa kilo 1, ruwa lita 2, tafarnuwa, citta, masoro, kanumfari uku, kimba ɗaya da 'yar daddawa. Ki rage wuta ya yi awa 3 yana ɓararraka a hankali, kina kwashe kumfa, har ruwan ya koma rabi. Ki tace, ki kwashe maiƙon sama, ki zuba ruwan gashin da kika ajiye, ki sake tafasawa, sannan gishiri.

22. Kada ki narkar da dunƙulen magi a ruwan zafi ki kira shi romo. Kada kuma ki kaɗa shi da fulawa don ya yi kauri. Ana so ya zama tsararo ya ratsa cikin biredin, ya kai ga naman.

23. Ki ajiye yaji a gefe, kowa ya ɗiba daidai bakinsa, don akwai yara da masu gyambon ciki. Ƙuli-ƙulin yajin ya zama na gyaɗa mai kyau. Gyaɗar da ta yi funfuna na ɗauke da gubar afulatoksin mai lalata hanta, wadda suya ba ta kawar da ita.

24. Kada a haɗa hannu a kwanon romo ɗaya. Abinci ne da ake gatsa a sake tsomawa, don haka kowa da ɗan kwanonsa. Ki kai shi da zafinsa, romon da ya huce maiƙo yake tarawa.

AJIYA DA SAYARWA

25. Kada ki bar shi a fili fiye da awa 2. Wannan ita ce ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ga dafaffen abinci: ko dai ya zauna da zafi sama da digiri 60, ko da sanyi ƙasa da digiri 5. Nama da cuku a rufe cikin ɗumi sun fi komai saurin lalacewa. In don buɗa-baki ne, ki gasa bayan la'asar, ba da hantsi ba. Wanda ya kwana a firiji ki mayar da shi wuta har cikinsa ya yi tururi, sau ɗaya tak.

26. Kada ki naɗe shi a takardar siminti ko tsohuwar jarida, maiƙo na jawo ƙura da tawada cikin abinci. Kada kuma ki ƙulle shi a leda da zafinsa, gumi zai yi ya jiƙe. Ki jera a kwano mai murfi da tsaftataccen ƙyalle a ƙasa.

27. In na sayarwa ne, ki yi daidai abin da zai ƙare. Masu mota da fasinjan da ke bin hanyar Kunya zuwa Babura da Babban Mutum in sun saya wucewa za su yi, in ciki ya murɗa musu a hanya ba ki sani ba, amma alhakin yana kanki. Kada ki gauraya kwantan jiya da sabon gashi.

28. Ki lissafa kuɗin kayan kafin ki fara. Nama da cuku da man shanu ba su da araha, kuma araha ba ta ado. In kuɗin bai kai ba, ki yi curi shida masu kyau maimakon goma sha biyu da aka cika da albasa da kitse. In naman kirki bai samu ba a ranar, ki fasa, ki soya wa iyali fanke ko ki turara alkubus, ki jira ranar kasuwa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.